Rufe Littafi Ka Biya: Yadda Ɗalibin Babbar Makaranta Zai Tsara Karatu Da Shirin Jarrabawa

Idan jarrabawa ta rage mako biyu, leƙa kowane zauren lakca da ƙarfe biyun dare, a Kalgo ne ko Aliero ko Gusau ko Ƙauran Namoda. Benci a cike, wani ya haska handawut da fitilar waya, wani ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa don kada barci ya kwashe shi, wata ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kusan kowace jimla har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Kowa na ƙoƙari. Amma ranar jarrabawa, da yawansu za su fito suna cewa: "Wallahi na karanta shi, har shafin da yake ina gani, amma ya ƙi zuwa."

Dalilin ba boyayye ba ne. Maimaita kallon shafi yana sa ido ya saba da shi, sai mutum ya ɗauka ya iya. Jarrabawa kuwa ba ta tambayar ko ka taɓa ganin abu. Tana so ka fito da shi daga kanka alhali takardar ba ta gabanka. Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan. Ba a wanke allo sai almajiri ya kife shi ya biya da ka a gaban malam, kuma sabon karatu ba ya hana tishin tsohon. Masu binciken ƙwaƙwalwa ma nan suka tsaya. A 2006, Roediger da Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai wani rubutu: wasu suka karanta shi zama huɗu, wasu suka karanta zama ɗaya sannan sau uku suna rufewa su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100, masu rufe takarda kashi 61. Abin mamakin, masu maimaitawar su ne suka fi yarda da kansu cewa sun iya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su. Da "kai" ake magana, amma ɗaliba ma da ita ake.

Makon farkon zango: lissafi kafin karatu

Ɗauki takarda ɗaya ka jera kwasa-kwasan da ka yi wa rajista, kowanne da yunit ɗinsa, wato lambar da ke nuna nauyin kwas ɗin. A yawancin jami'o'inmu ma'aunin maki biyar ake bi: 70 zuwa sama A ce, maki 5, 60 zuwa 69 B, maki 4, 50 zuwa 59 C, maki 3, 45 zuwa 49 D, maki 2, 40 zuwa 44 E, maki 1, ƙasa da 40 faɗuwa. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne GPA, wato matsakaicin makinka. Kwalejojin kimiyya da fasaha irin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi ma'aunin maki huɗu suke bi, kuma A daga 75 take farawa, don haka ka duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku ka tabbatar da naku.

Ga amfanin lissafin. A ce yunit 18 ka ɗauka kuma ka ci B a komai: 72 a raba 18, GPA ɗinka 4.00. Idan kwas ɗaya mai yunit 3 ya faɗi, sai ya koma 60 a raba 18, wato 3.33. Kwas guda ya sauko da kai ƙasa da 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu babba yake farawa, ga kuma kari-oba da za ka jawo zuwa shekara mai zuwa ya riƙa cin karo da lakcocin sabon aji. Haka nan ɗaga kwas mai yunit 3 daga C zuwa B ya fi ɗaga mai yunit 1 daga C zuwa A riba: wancan maki uku, wannan biyu. To lokacin karatunka ya bi nauyin yunit da wahalar kwas, ba daɗinsa ba. Kwas ɗin da kake gudu shi ne ya kamata ya samu sa'arka mafi kyau.

Abu na biyu shi ne makin CA, wato tes da jinga da aikin ɗakin gwaji. Wasu makarantu 30 suke ba shi, wasu 40. Inda yake 30, wanda ya samu 22 yana buƙatar 48 cikin 70 ya kai A. Wanda ya samu 10 sai ya ci 60 cikin 70, abin da da wuya ya samu a jarrabawar rubutu. A nan ake yin asarar da ba a gani: tafiya gida biki ranar da malami ya yi tes na ba-zata, ko kwafar jingar aboki har da kuskuren rubutun sunansa. Sannan dokar halartar kashi 75 na lakca tana nan a rubuce a yawancin makarantu, ko da ba kowane malami ke ɗaga ta ba. Ranar da ɗaya ya ɗaga ta, roƙo ba ya aiki.

A makon nan kuma ka nemi jerin batutuwan kowane kwas daga malami ko wakilin aji, da tambayoyin shekarun baya, aƙalla na shekara uku, in an samu biyar ya fi. Yanzu suna da sauƙin samu a wurin 'yan ajin gaba ko masu shagon fotokwafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ka yi da kowace lakca

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

A aji, kada ka yi tseren rubuta duk kalmar da ta fita bakin malami. Ja layi a tsaye a gefen hagun shafi, faɗin yatsa uku, ka bar shi fili. A dama ka rubuta ma'anoni, matakai, misalan da ya yi a allo, da duk abin da ya maimaita sau biyu ko ya ce a lura da shi. Ɗaukar hoton allo da waya ba rubutu ba ne. Hotuna ɗari huɗu ne za su taru a cikin na biki da na suna, ba wanda zai sake buɗe su.

A ranar, kafin ka kwanta, ba wa lakcar minti 20. Cike giɓin da ka bari tun abin yana da ɗumi. Sannan a filin nan na hagu ka mayar da kowane batu tambaya. Idan a dama an rubuta abubuwa huɗu da ke shafar saurin sarrafa sinadari, a hagu ka rubuta tambayar da amsarta ke nan. Sai ka rufe ɓangaren dama da wata takarda, ka amsa da baki ko a rubuce, ka buɗe ka duba. Wanda ka kasa, sa masa alama. Gaggawar ranar farko tana da dalili: tun 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya take lafawa.

Sai tishi. Ka koma wa tambayoyin nan bayan kwana biyu, sannan bayan mako ɗaya, sannan bayan wata. Kowace komawa da rufaffen littafi za ka fara, minti goma ta isa. Za ka ji nauyi, za ka ji kamar ba ka san komai ba. Wannan nauyin shi ne aikin. Karatun da ke tafiya sumul ba tare da ka yi gumi ba yawanci kallo ne kawai.

Kwasa-kwasan da ke cike da sunaye da ma'anoni, irin na masu koyon aikin jinya a Birnin Kebbi ko kiwon lafiya a Jega, sun fi dacewa da kati. Sayi kwali ɗaya ka yanka shi ƙanana kamar katin waya, tambaya a gaba, amsa a baya, abu ɗaya tak a kowane kati. Tanadi ambulan uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu duk kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko ko daga ina yake. Manhajar Anki wannan aikin take yi a waya, kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. Kuskuren da ake yi shi ne cusa rabin shafi a bayan kati. Idan amsa ta wuce layi biyu, raba ta.

Lissafi, fizis, akanta da injiniyanci kuwa ba a karanta su, yin su ake yi. Kalli misalin da aka warware sau ɗaya, rufe, warware shi da kanka, sannan ka nemi wani mai lambobi daban. Kuma kada ka yi iri ɗaya guda ashirin a jere. Gauraya na babi uku a zama ɗaya, domin a zauren jarrabawa ba wanda zai gaya maka dabarar da tambaya take so. Gane hakan shi ne rabin makin.

Yaushe, kuma a ina

Fara da awa ɗaya ta karatun kanka a mako ga kowane yunit. Mai yunit 18 ke nan awa uku a rana, kwana shida. Kada ka yi su a zama ɗaya. Minti 45 na karatu, minti 10 na miƙe ƙafa, haka sau biyu, sai a tashi. Salloli sun riga sun yanka maka yini, sai ka rataya karatun a jikinsu: bayan Asuba zuwa bakwai ga kwas mafi wuya, tsakanin lakcoci ga kati, bayan Isha'i ga tishin lakcar ranar.

Yanayin garuruwanmu yana da hukunci a kan jadawali. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi da Gusau yakan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano da ƙarfe biyun rana ba wurin fahimtar komai ba ne. Bar wannan lokacin ga ƙailula ko aiki mara nauyi irin kwafar rubutu. Da azumi, sa'o'i biyun bayan sahur da Asuba su ne zinariya. Bayan buɗa-baki jiki ya yi nauyi, kati kawai zai iya ɗauka. Kada ka dogara da wutar Nefa: fitila mai caji da hasken rana ta fi fitilar waya, don ita wayar da ka kunna domin haske ita ce za ta kai ka TikTok. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan handawut ɗin a waya yake, kashe data kafin ka buɗe shi, kuma kwas mai yunit 3 ya cancanci kuɗin fotokwafi.

Wanda ke haɗa karatu da neman abinci, ko aikin shinkafa a fadamar Argungu ne ko cirar albasa a Aliero ko kabu-kabu da yamma, ya san makonnin da aiki zai danne shi tun kafin su zo. Ya ja karatun gaba kafin lokacin, ya riƙe kati a aljihu. Matar aure mai goyo, irin waɗanda ke da yawa a kwalejin ilimi ta mata da ke Gusau, da wuya ta samu awa uku a jere, kuma ba ta buƙatarsu: minti 25 sau huɗu, da rufe littafi, sun fi daren da aka raba tsakanin handawut da kukan yaro. Abin da take buƙata shi ne ta yi magana da maigida ko wata 'yar'uwa tun farkon zango a kan wanda zai riƙe yara a makonnin jarrabawa.

Tunani da Hausa, amsa da Turanci

Wannan matsalar ba a cika faɗinta ba, alhali tana cin maki sosai. Ɗalibai kashi biyu ne a nan. Akwai mai haddace jimlolin handawut da Turanci bai san me suke nufi ba. Da malami ya juya tambayar, ko kalma ɗaya ta ɓace masa, duk ginin ya rushe. Akwai kuma wanda ya gane sarai, zai yi maka bayani da Hausa har ka yi mamaki, amma a takarda layi uku yake iya fitarwa.

Maganin duka biyun ɗaya ne, hawa biyu. Da farko ka bayyana batun da Hausa, da baki, kamar ƙanenka na sakandare kake koya wa. Inda ka tsaya kana "wato... wato", nan ne ba ka gane ba, koma littafi. Na biyu, ka rubuta bayanin da Turancinka, sakin layi ɗaya, ba tare da dubawa ba, sannan ka gwada da handawut ka ga kalmomin fannin da ka bari. Su waɗannan kalmomin, da rubutunsu daidai, su ne abin haddacewa. Sauran jimla taka ce. Ƙungiyar karatu ta mutum uku zuwa biyar a nan take da amfani, in kowa an ba shi batun da zai koyar, sauran su yi masa tambayoyi. Da ta kai mutum goma ta zama majalisa.

Inda ya gagara, je ofishin malami da tambaya ƙayyadadda. "Allah gafarta Malam, na bi misalin nan har layi na uku, daga nan ban ga yadda aka samu wannan ba" tana samun amsa. "Malam ban gane kwas ɗin ba" kuwa sai dai a ce ka je ka ƙara karatu.

Mako huɗu kafin jarrabawa

Mako na huɗu: zana jadawali, batutuwan kwas a tsaye, shekaru a kwance, ka sa alama duk inda batu ya fito a tambayoyin baya. Za ka ga wasu ba sa fashi. Sannan ka yi wa kowane batu hukunci da rufaffen littafi: na iya, rabi-rabi, ban iya ba. Batun da ke yawan fitowa kuma ba ka iya ba, da shi za ka fara. Hattara idan an canza malamin kwas ko an sabunta manhaja, tambayoyin baya sai su zama abin gwaji kawai, ba taswira ba. Haka jita-jitar guruf ɗin WhatsApp cewa "Malam ya ce babi na biyar ba zai fito ba". In ba daga bakinsa ka ji ba, karanta babi na biyar.

Mako na uku da na biyu: amsa tambayoyin baya a rubuce, da agogo, a kan tebur, babu leƙe. Aƙalla cikakkiyar takarda ɗaya ga kowane kwas. A nan ne za ka gano hannunka yana gajiya bayan minti 40, ko tambaya ɗaya tana cinye maka awa. Gara ka gano a ɗaki. Musanya takarda da aboki ku yi wa juna maki.

Makon ƙarshe ba na sabon karatu ba ne. Taƙaita kowane kwas a shafi ɗaya daga ka, cike abin da ya ɓace da wani launin biro, ka bi tsarin jadawalin jarrabawa: takardu biyu da ke rana ɗaya ko a jere su ne ke buƙatar a gama da su da wuri. Jadawalin kuma a allon sanarwa na sashe za ka duba shi, ka sake dubawa, don na farko yakan canza. Kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, da ake jarrabawarsu a kwamfuta suna son faɗi fiye da zurfi, tambayoyi gajeru masu yawa daga ko'ina, don haka kati ya fi musu amfani. Wanda bai saba da kwamfuta ba ya je shagon intanet ya yi awa ɗaya yana riƙe linzami.

Jiki

A cikin barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana. Baligi na buƙatar awa bakwai zuwa tara. A makon jarrabawa kada ka sauka ƙasa da shida. Kwanan zaune har asuba yana ƙara shafukan da ka gani, yana rage waɗanda za ka iya fitarwa. Kofi, goro da lemon ƙara kuzari suna daɗewa a jiki, rabin sinadarinsu na nan bayan kamar awa biyar, don haka a tsaya da su daga la'asar. Tiramol da makamantansa ba maganin karatu ba ne. Suna iya jawo farfaɗiya, kuma sabo da su ya fi kari-oba wuyar fita.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban mai kayar da ɗalibai a jarrabawar damina. Binciken ƙasa na 2021 ya sa Kebbi a kan gaba, inda kashi 49 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada ke ɗauke da ƙwayar cutar. Sauron da ke cizonsu shi ne ke shawagi a zauren karatun dare. Kwana a gidan sauro, sa safa da doguwar riga, kuma da ka ji jiki ya canza je asibitin makaranta a gwada. Idan ciwo ya hana ka zama jarrabawa, takardar asibitin makaranta da wasiƙa ta hannun shugaban sashe a kwanakin nan su ne za su cece ka, ba labari bayan wata biyu ba. Wanda gidansu ke wani gari kuma ya dawo makaranta kwana biyu kafin takardar farko, tafiyar rana.

A zauren jarrabawa

Tun dare ka haɗa katin shaida, katin jarrabawa, biro biyu da ka gwada, fensir, rula, da kalkuleta in an yarda da ita. Iso da rabin awa. Laluba aljihunka da kanka kafin a laluba ka: guntuwar takardar taƙaitawa da ka manta da ita hukuncinta ɗaya da satar amsa, kuma hukuncin na iya kaiwa kora. Waya ta tsaya a ɗaki.

Rubuta lambarka a kowane shafi da aka ce, sa hannu a takardar halarta. Karanta umarni sau biyu: nawa za a amsa, wacce ce dole. A takardar awa biyu mai tambaya huɗu, ba wa karantawa da zaɓe minti 10, kowace tambaya 25, dubawa 10. Idan lokacin tambaya ya cika, bar fili ka wuce. Makin farko na kowace tambaya shi ne mafi araha, na ƙarshe mafi tsada, kuma wanda ya amsa uku cikin huɗu ya riga ya yafe kashi 25 komai kyan rubutunsa.

Kula da kalmar umarni. "List" jero kawai take so. "Explain" tana son dalili da misali. "Discuss" tana son ɓangarori fiye da ɗaya da matsayarka. "Compare" tana son abu biyun gefe da gefe, ba labarin wannan sannan labarin wancan ba. Malamin da ke da takardu ɗari uku a gabansa maki yake nema da ido, don haka kowane batu ka ba shi sakin layinsa, kalmar fannin a farkonsa. A lissafi nuna kowane mataki; ko amsar ƙarshe ta kauce, hanya tana da makinta. Idan kai ya ɗauke, ajiye biro, ja numfashi a hankali sau biyar, koma tambayar da ka fi sani. Sauran sukan biyo ta.

Da ka fito, kada ka tsaya a bakin zaure ana tankaɗe da rairayar amsoshi, akwai takardar gobe. Ajiye kwafin fom ɗin rajistar kwas da takardun tes da aka dawo maka da su a ambulan ɗaya har sakamako ya fito. Idan ka ga babu makinka a kwas ɗin da ka zauna, rubuta wa jami'in jarrabawa na sashenku a makon, ka haɗa da kwafin fom ɗin, ka faɗi rana da zauren da ka zauna don a nemo takardar halartar da ka sa wa hannu.